Likkafar Igiya a Sandunan Hawan Itace

Likkafar igiya mataki ne mai laushi da ake ɗaurawa a ƙasan sandar hawa domin maharbi ya ƙara nisan da yake kaiwa a jikin itace ba tare da ya ƙara yawan sandunan da yake ɗauka ba. Ita sandar hawa gajeren ƙarfe ne, galibi na alminiyam, mai matakai biyu ko uku, wanda ake ɗaure wa gangar itace da igiya ko maɗauri. Dabarar ta fi yaɗuwa a Amurka tsakanin masu dakon barewa daga saman itace, su kuma sun aro likkafar ne daga masu hawan duwatsu. A arewacin Kamaru tana iya amfani a yankunan farauta masu izini da ke kewaye da gandun dajin Benuwe, Faro da Buba Njida, amma a cikin gandun kansu farauta haramun ce.

Ana yin likkafar da maɗaurin nailan mai faɗin kusan milimita 25, ko da igiyar Dyneema. Ta biyun ba ta da nauyi kuma tana da ƙarfi ƙwarai, sai dai santsinta ya sa ƙulli ba ya zama a jikinta, don haka saƙa bakinta ake yi cikin kanta. Ga shi kuma tana narkewa a zafin kusan digiri 150 na ma'aunin Celsius, wanda gogayya mai tsanani kan iya haifarwa.

Wurin ɗauri shi ne gaba da komai. Dole likkafar ta rataya a sashen da aka ƙera domin ɗaukar nauyin mutum, wato gindin matakin ƙasa ko ramin da maƙeran sandar suka tanada, ta hanyar zarge da ba zai zame ba, kuma nauyin ya sauka a tsakiyar sandar, domin likkafar da ta karkata gefe guda tana juya sandar ta ɓalle daga itace. Huda sandar da hannu yana raunana ƙarfen, bakin ƙarfe mai kaifi kuwa yana cin igiya a hankali. Kafin a taka likkafa sai an ja sandar ƙasa da ƙarfi har haƙoranta su kama ɓawo, sannan mai hawa ya dafa yatsun ƙafarsa a jikin itacen don kada ƙafar ta fice ta bar shi yana lilo. Likkafa mai mataki ɗaya ta fi mai uku aminci, musamman wajen saukowa cikin duhu.

Yanayin arewacin Kamaru yana da nasa hukunci. Ranar bazara ta Garwa da Marwa tana cinye ƙarfin nailan, ƙurar hunturu tana shiga zaren ta goge shi, saboda haka igiyar da ta koɗe ko ta yi gashi ta gama aiki. Maɗaci da tsamiya suna da ɓawo mai kaushi da ke riƙe sanda, marke kuwa ɓawonsa yana salewa, kuka kuma ta fi ƙarfin maɗauri saboda kaurinta. Ko a wane itace ne, ba a barin ƙasa sai da ɗamarar tsaro da igiyar ƙugu mai zagaye gangar itacen, kuma sabuwar likkafa a gindin itace ake fara gwada ta.