Da'ira ce ko elifs? Amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk lokacin da darasin aljabara ya iso kan yankan mazurari, wato siffofin da'ira, elifs, farabola da haifabola, tambayoyin nan ne ake dawo mini da su, wani lokacin mutum ɗaya har sau uku. Ga su na rubuta. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

Me zan fara dubawa idan aka ba ni ikweshan?

Kwashe komai ka tara a gefe ɗaya, ɗaya gefen ya zama sifili, ya koma siffar Ax² + Bxy + Cy² + Dx + Ey + F = 0. Kafin ka yi haka kada ka buɗe baki. An ba ka x² = y² + 4, ka ga babu alamar ɗebewa ko ɗaya, ka yi caraf ka ce da'ira. Ina! Ƙetarar da y² ɗin ka gani: x² − y² − 4 = 0. Haifabola ce.

To daga nan fa?

Idan babu xy a ciki, A da C kaɗai za ka kalla. Ɗayansu sifili ne, farabola, kamar y² = 8x. Alamominsu sun saɓa, haifabola. Alama ɗaya amma lambobi daban, elifs. Lamba ɗaya alama ɗaya, da'ira. Shi ke nan.

Wai me ya haɗa su da mazurari?

Haɗa mazurari biyu tsini da tsini ka yanka. Yanka a kwance ya ba ka da'ira, ka ɗan karkata wuƙar elifs, ka karkata ta har ta yi daidai da gangaren gefe farabola, ka miƙe ta har ta ci mazuraran biyu haifabola. Apolloniyus na Farga ne ya raɗa wa ukun ƙarshe suna, kimanin shekara 200 kafin miladiyya.

3x² + 3y² = 12 da'ira ce, alhali ba 1 ba ne a gaban x²?

Raba da 3. Me ka gani? x² + y² = 4, da'ira mai rabin faɗi 2. Wa ya ce maka sai 1?

Idan A da C duk ƙasa da sifili suke fa?

Alama ɗaya ke nan. Ninka komai da −1, sai −2x² − 5y² + 10 = 0 ya zama 2x² + 5y² = 10. Elifs.

Na bi ƙa'idar, ta ce elifs, amma na kasa zana komai. Ko kuma akwai xy a ciki. Yaya zan yi?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma wanda ya yi ta ba jahili ba ne, don haka ka kwantar da hankalinka. Abu biyu ne a ciki.

Na farko, xy. Da zarar ka gan shi, ajiye ƙa'idar A da C a gefe, domin siffar ta juya, ba ta zauna daidai da layin x da layin y ba. Abin da za ka lissafa shi ne B² − 4AC. Ya fito ƙasa da sifili, elifs. Sifili cif, farabola. Sama da sifili, haifabola. Duba x² + 4xy + y² = 6. A da C duk 1 ne, ido na cewa da'ira, amma 16 − 4 = 12, haifabola ce. Shi kuwa x² + xy + y² = 3 yana ba da 1 − 4 = −3, elifs ce da ta karkata da digiri 45. Da'ira ba ta taɓa ɗaukar xy, ko ta yaya ka juya ta tana nan yadda take. Haka xy = 1, wanda babu x² ko y² a cikinsa sam, B² − 4AC ya ba da 1, haifabola.

Na biyu kuma, a nan ne ba na son ku riƙe maganata kamar yankan wuƙa. B² − 4AC dangi kawai yake faɗa maka, ba ya rantse maka cewa siffar tana nan cikakkiya. Galibi tana nan, musamman a tambayoyin farko na darasi, amma ba kullum ba. Ɗauki 4x² + 9y² − 16x + 18y − 11 = 0. Cike sukwaya, wato ka mayar da masu x sukwayar baka ɗaya, masu y ma haka: 4(x − 2)² + 9(y + 1)² = 36. Raba da 36, ka samu elifs mai cibiya a (2, −1), wadda ta miƙa 3 hagu da dama, 2 sama da ƙasa. Lafiya lau. Yanzu cire −11 ɗin nan ka sa +25, kada ka taɓa komai kuma. Gefen dama ya zama sifili. Sukwaya biyu ba sa haɗuwa su ba da sifili sai kowannensu sifili ne, don haka abin da ya rage ɗigo ɗaya ne, (2, −1). Sa +30 kuma, gefen dama ya zama −5, babu wani ɗigo da zai cika wannan sharaɗi. Takardarka za ta zauna fara fat, kuma ba laifinka ba ne. A, B da C ba su motsa ba a duka ukun, F kaɗai ya canja.

Sauran dangin ma suna da irin nasu. x² − y² = 0 yana cikin dangin haifabola, amma layuka biyu ne da suka gitta juna, y = x da y = −x. x² = 4 yana cikin dangin farabola, amma layuka biyu ne a jere, x = 2 da x = −2. Ɗigon da layukan da suka gitta, abin da kake samu ke nan idan wuƙar ta bi ta tsinin mazurarin kansa.

Shin sai ka cike sukwaya a kowace tambaya? Ya danganta. Idan suna kawai aka nema, tambayoyin suna da yawa, lokaci kuma ya ƙure, zan iya yafe maka ka tsaya a B² − 4AC, ko da yake ba da son raina ba. Idan aka ce ka zana, ko ka nemo cibiya, babu makawa. Idan kuwa da xy a ciki kuma aka ce ka zana, sai ka juya layukan da kusurwa θ wadda cot 2θ = (A − C)/B, aikin da ke da tsawo, kuskure kuma ba ya wuya a cikinsa. Ni kafin in shiga wannan, nakan gwada ko ikweshan ɗin zai rabu gida biyu. x² + 2xy + y² = 1 ai (x + y)² = 1 ne, layuka biyu a jere, ba ka buƙatar juya komai.

Elifs ba siffar ƙwai ba ce?

A'a. Ƙwai gefe ɗaya ya fi tsini, elifs kuwa gefenta biyu ɗaya ne. Ku daina rubuta mini haka.

Ina amfanin wannan duka?

A 1609 Kepler ya nuna cewa duniyar Mars elifs take bi wajen zagaya rana. Dutsen da ka jefa farabola yake zanawa, idan ka ƙyale jan iska. Tun ƙarni na 11 Umar Khayyam ke warware ikweshan masu x³ ta hanyar duba inda irin waɗannan siffofi suka haɗu. Ya ishe ka.

Na cike sukwaya amma amsata ba ta yi daidai da taka ba. Me ya faru?

Na san abin da ka yi tun kafin in ga takardar. Ka fitar da 4 daga 4x² − 16x, ka ƙara 4 a cikin baka, sannan ka ƙara 4 a ɗaya gefen. 16 za ka ƙara, domin akwai 4 a waje yana jiran ya ninka shi. Koma ka gyara.