Waiwaye: Carole Simpson da Gwagwarmayar Mata Baƙaƙe a Gidajen Labaran Amurka

A farkon shekarun 1960, da wuya mai kallon talabijin a Amurka ya ga baƙar fata yana karanta labarai, balle kuma mace. Bayan tarzomar da ta ɓarke a Detroit da Newark a 1967, shugaba Lyndon Johnson ya kafa kwamitin Kerner, wanda rahotonsa na 1968 ya tuhumi kafafen labarai da kallon ƙasar ta idon farare kaɗai, ya kuma nuna cewa baƙaƙe ba su kai kashi 5 cikin 100 na 'yan jarida ba.

A cikin wannan yanayi Carole Simpson ta taso. An haife ta a Chicago a 1940, ta kammala karatun aikin jarida a Jami'ar Michigan a 1962, amma babu gidan jaridar da ya ɗauke ta, don haka ta tafi koyarwa a Tuskegee ta jihar Alabama. A 1965 ta samu gurbi a rediyon WCFL na Chicago. Daga nan ta shiga talabijin a WMAQ, sannan NBC, kafin ta koma ABC a 1982, inda ta riƙa gabatar da labaran yammacin ƙarshen mako daga 1988 zuwa 2003. A 1990 tana Johannesburg domin ɗauko rahoton sakin Nelson Mandela daga kurkuku, har ta ji rauni a wani artabu tsakanin 'yan sanda da jama'a.

Ranar da aka fi tunawa da ita ita ce 15 ga Oktoba, 1992, lokacin da ta jagoranci muhawarar 'yan takarar shugabancin Amurka, wato George Bush (uba) da Bill Clinton da Ross Perot, a Jami'ar Richmond, abin da babu wata baƙar mace da ta taɓa yi. Tambayoyin daga bakin masu zaɓe 209 suka fito. Wata mata ta tambayi 'yan takarar yadda bashin ƙasa ya taɓa rayuwarsu su da kansu. Kyamara ta kama Bush yana duba agogon hannunsa, ya kuma yi ta kame-kame, sai da Simpson ta fayyace masa cewa matar tana nufin matsin tattalin arziki.

A ganina, abin da ya fi wannan nauyi shi ne wanda ya faru a bayan fage. A 1985 ita ce ta tsaya gaban shugaban sashen labarai na ABC, Roone Arledge, a madadin matan gidan, riƙe da alƙaluman da ke nuna yadda aka mayar da su saniyar ware a manyan muƙamai da manyan rahotanni. Ta san cewa fuskar da ake nunawa daban take da hannun da ke yanke abin da za a watsa, kuma faɗin haka a gaban mai ɗauka da kora ba ƙaramar kasada ba ce.

Ta bar ABC a 2006 ta koma koyarwa a kwalejin Emerson ta Boston. Shekara 20 aka yi bayan muhawarar Richmond kafin a sake ba wata mace jagorancin muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa, wato Candy Crowley ta CNN a 2012, bayan wasu 'yan matan sakandare uku daga New Jersey sun tara sa hannun dubban jama'a suna neman hakan.