Fashin baƙi kan dokar auna tururin radiyeshin a ɗakin gashin ciwon daji

Da zarar an ga wani ma'aikaci yana zagaya bangon ɗakin gashin ciwon daji riƙe da ƙaramar na'ura, yana tsayawa a bakin ƙofa yana rubuta lambobi, sai magana ta bazu cewa injin ya fara yoyo, har wasu masu jinya su fara shawarar ɗauke mara lafiyarsu kafin ya kammala gashi. Wannan awo wajibi ne da doka ta ɗora wa asibiti ko da komai lafiya lau yake, kuma asibitin da ba a taɓa ganin ana yin sa ba shi ya fi cancantar a yi masa tambaya.

Galibin dokokin ƙasashe a wannan fanni sun ginu ne kan ƙa'idojin da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, ta fitar a 2014. Sun shafi ma'aikata, da jama'ar da ke kai-komo a asibiti, da masu jinya. Ga jama'a, iyakar ita ce milisibat 1 a shekara (milisibat ma'auni ne na yawan tururin da jiki ya sha), ban da kimanin milisibat 2.4 da mutum ke samu a matsakaici daga ƙasa da iska da abinci da sararin sama. Ga ma'aikaci kuwa milisibat 20 ne a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekaru 5, kuma ba a yarda ya wuce 50 a shekara guda ba. Babu injin da ba ya fitar da ɗan tururi ta gefe, shi ya sa aka ƙayyade kada wanda ke fita daga kan injin ya wuce kashi 1 cikin 1,000 na hasken gashin, wato tururin da ake auna ciwon da shi, a nisan mita 1, sauran kuma katangar kankare mai kauri da lauje-laujen hanyar shiga ɗakin su tare shi.

Sashen da ya fi rikita mutane shi ne cewa waɗannan iyakoki ba su hau kan mara lafiya ba. Wasu na ɗauka an yi watsi da shi ne, alhali gashin yana aiki ne da yawan hasken da zai kashe ƙwayoyin dajin, wanda ya ninka iyakar jama'a sau dubbai a daidai wurin ciwon. Abin da doka ta nema a nan shi ne likita ya tabbatar amfanin ya fi cutarwa, sannan a tsara gashin yadda sassan jiki masu lafiya za su samu mafi ƙarancin abin da zai yiwu. Wanda aka yi wa gashi daga wajen jiki kuma ba ya komawa gida da tururi a jikinsa, don haka ba dalilin ware masa kwano ko hana shi ɗaukar yaro.

Hukunci ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma ƙarfinsa yana kan lasisi: hukumar da ta ba da izinin kunna injin tana iya dakatar da shi ko ta janye, kuma alhakin yana wuyan asibitin. A ganina iyakokin sun yi adalci, inda nake da damuwa shi ne wajen aiwatarwa. Injin da ƙarfinsa ya haura megabolt 10 yana haifar da ƙwayoyin niyutron, wani nau'in tururi na daban, waɗanda na'urar awo ta yau da kullum ba ta kama su, don haka rahoton da bai ambaci awon niyutron a bakin ƙofa ba bai cika ba. Haka kuma ɗan bajon da ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji don auna tururin da ya sha ba shi da amfani idan ba a tura shi a karanta a kan lokaci, kuma ƙa'idar ta ba ma'aikacin haƙƙin ganin sakamakonsa, ya kamata ya nema.