Stephen Lachs

Stephen Lachs tsohon alƙali ne ɗan Amurka da aka haifa a 1939. Ya yi alƙalanci a kotun gundumar Los Angeles da ke jihar Kalifoniya daga 1979 zuwa 1999, kuma shi ne mutum na farko a Amurka da aka naɗa alƙali alhali bai ɓoye cewa shi ɗan luwaɗi ba ne.

Ya karanta shari'a a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, ya kammala a 1963. Kafin naɗinsa ya yi aikin lauyan gwamnati mai kare waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya, sannan ya zama kwamishinan kotu, wato jami'in da ke sauraron wasu ƙararraki a madadin alƙali.

Gwamna Jerry Brown ne ya naɗa shi, a lokacin da ƙura ba ta gama lafawa ba kan batun 'yan luwaɗi a jihar. Sai a 1975 jihar ta soke dokar da ke hukunta irin wannan mu'amala tsakanin baligai. A Nuwambar 1978 kuma aka kaɗa ƙuri'a kan wani ƙudiri na korar 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo daga koyarwa a makarantun gwamnati, jama'a suka yi watsi da shi. Naɗin yana da haɗarinsa, domin a Kalifoniya gwamna cike gurbi kawai yake yi: kujerar irin wannan kotu ta zaɓe ce, wa'adinta shekara 6, kowane lauya da ya cika sharuɗɗa yana iya fitowa ya kara da alƙali mai ci. Brown ya biyo da naɗin wasu alƙalai biyu da su ma ba su ɓoye halinsu ba: Rand Schrader, ɗan luwaɗi, a 1980 da Mary Morgan, 'yar maɗigo, a 1981.

Shari'ar da ta fi fito da sunansa a jaridu ta zo ne bayan ya yi ritaya, yana aikin alƙali mai zaman kansa da masu jayayya ke biya. A 2001 ya amince da buƙatar Debbie Rowe, tsohuwar matar mawaƙi Michael Jackson, ta sarayar da haƙƙinta kan 'ya'yansu biyu. Daga baya shi da kansa ya warware hukuncin, abin da ba kasafai alƙalai ke yi ba, saboda ba a gudanar da bincike mai zaman kansa kan maslahar yaran ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da warwarewar a 2006.