Shirye-shiryen dogon hutu a ƙananan laburaren Zango na Accra

Shirye-shiryen dogon hutu su ne ayyukan karatu da wasanni da zane da ƙananan laburare na jama'a ke tsara wa yara a makonnin da makarantun boko suke rufe a ƙarshen shekarar karatu. A Accra, babban birnin Ghana da tsofaffin Hausawa ke kira Ankara, wasu daga cikin waɗannan ɗakunan karatu suna tsakiyar unguwannin Zango ne, irin su Nima da Maamobi, inda Hausa ce harshen titi da kasuwa ko ga wanda asalinsa Badagombe ne ko Bazabarme ko Bafulatani.

Lokacin hutun

Al'adar ta samo asali ne daga Amurka, inda laburare suka fara shirya wa yara karatun hutu tun ƙarshen ƙarni na 19, a watannin zafi da makarantu ke rufewa. A kudancin Ghana abin ya sha bamban. Dogon hutu kan faɗo a Agusta zuwa farkon Satumba, kuma wannan shi ne lokacin da garin Accra ya fi sanyi a shekara: babbar damina ta ɗauke, ƙaramar ba ta sauka ba, rana kan wuni a lulluɓe. Saboda haka ana iya shimfiɗa tabarma a farfajiya a yi karatu a waje, abin da zai yi wuya a watan Maris. A daidai lokacin ne kuma al'ummar Ga, masu garin, ke bikinsu na Homowo.

Annobar korona ta dagula wannan tsari. An rufe makarantu a Maris 2020, yawancin ƙananan yara ba su koma aji ba sai Janairu 2021, kuma an ɗauki wasu shekaru shekarar karatu tana farawa a Janairu kafin a maido da ita wajen Satumba.

Asalin laburaren

Laburaren jama'a a ƙasar ya faro ne a 1928, sa'ad da Bishop John Aglionby na cocin Anglika ya buɗe wa mutane taskar littattafansa, kimanin 6,000, a Accra. A 1950 Hukumar Laburare ta Gold Coast, wato tsohon sunan Ghana, ta fara aiki ƙarƙashin Evelyn Evans, tana cikin na farko-farko irinta a Afirka kudu da Sahara, kuma dokar 1970 ta sake kafa ta da sunan Hukumar Laburare ta Ghana. Ita ce yanzu ke riƙe da babban laburaren Accra da na yankin Ashanti a Kumasi, da motocin da ke yawo da littattafai zuwa garuruwa.

Amma yaron Nima ba ya hawa mota zuwa tsakiyar gari don ya karanta tatsuniya. Abin da ya kawo littafi ƙofar gidansa wani yunƙuri ne dabam. A 1990 wata 'yar Kanada mai suna Kathy Knowles ta fara karanta wa yara shida na maƙwabta littattafai a ƙarƙashin bishiya a gidanta da ke Accra. A 1992 aka mayar da wata kwantenar jirgin ruwa laburare a unguwar Osu ta Accra, kuma asusun da ya tsiro daga wannan aiki shi ya gina laburaren Nima da Maamobi, wanda aka buɗe a 1998. An san laburaren wannan asusu da azuzuwan yaƙi da jahilci na manya da wasan kwaikwayo na matasa, ban da karatun yara.

Abin da ake yi

Ginshiƙin shirin shi ne sa'ar labari. Ma'aikaciyar laburare ko ɗalibin sakandare da ya zo taimako yakan zauna gaban yara ya ɗaga littafi mai hotuna, ya karanta da Turanci, ya tsaya ya yi tambaya, sau da yawa kuma ya fassara da Hausa ko Tuwi idan ya ga idanu sun fara yawo. Kafin a taɓa littafi akan sa yara su wanke hannu, ƙa'idar da ke iya zama abin dariya ga baƙo, har sai ya tuna cewa littafi ɗaya ne zai bi ta hannun yara masu yawa, kuma ba a san ranar da wani zai zo ba.

Bayan wannan sai ƙungiyoyin karatu na waɗanda suka ɗan tasa, da gasar harhaɗa kalmomi, da kacici-kacici, da zane, da wasannin zaune irin su ludo da dara da oware, wato wasan ramuka goma sha biyu da 'ya'ya 48. Inda akwai kwamfuta, ita ce ke jan layi mafi tsawo. Akan rufe shirin da ɗan biki: a yi wasan kwaikwayo, a gayyaci iyaye, a ba waɗanda suka fi karatu kyautar littafin rubutu da alƙalami.

Dalilin duk wannan sananne ne ga malamai. Yaron da ya yi makonni bai buɗe littafi ba yakan dawo aji da rauni a karatu, kuma abin ya fi taɓa wanda babu littafi a gidansu. Ga Zango akwai ƙarin dalili: gidaje a cunkushe suke, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, don haka teburi da kujera da fitila da shiru su kansu hidima ce da laburare ke bayarwa.

Raba lokaci da makaranta

Wanda ya tsara shirin hutu a Zango bai yi la'akari da makaranta ba, zai wuni da kujeru babu kowa. A Hausar Ghana, idan aka ce "makaranta" kai tsaye, ta allo da Islamiyya ake nufi. Ta boko da sunanta na Turanci ake kiranta. Hutun boko kuwa ba hutun makaranta ba ne. Iyaye da yawa lokacin ne suke so yaro ya matsa a haddarsa, don haka safiya ta malam ce, laburare ya samu abin da ya rage tsakanin azahar da magariba. Kalandar Musulunci ma tana shiga lissafi: a 2011 azumi ya cinye kusan dukan Agusta, a 2018 da 2019 kuma babbar salla ta faɗo a cikinsa.

Akwai kuma masu jan yaron ta wasu ɓangarorin. Darussan hutu na kuɗi suna ɗauke masu shirin jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. 'Yan mata su ne suka fi ɗaukar nauyin gida, daga raino zuwa taya uwa sayar da waakye, wato shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, shi ya sa akan ga yarinya ta shigo laburare da ƙaninta a goye. Laburaren da ya kore ta saboda kukan jariri ya rasa ta ke nan.

Batun harshe

Nan ne gurbi mafi girma yake. Yaron Zango yana magana da Hausa a gida, yana karanta Larabci a makaranta, Turanci a aji, amma da wuya ya taɓa ganin Hausa a rubuce a littafi. Hausa ba ta cikin harsuna goma sha ɗaya da gwamnatin Ghana ta ware don koyarwa, irin su Tuwi da Ga da Ewe da Dagbani, saboda haka ba a buga littattafan makaranta da ita, kuma kantocin laburare cike suke da na Turanci, da yawansu kyauta daga ƙetare, masu labarin dusar ƙanƙara da yaron bai taɓa gani ba. Abin mamaki shi ne ƙasar tana da tsohon tarihin rubutun Hausa: Alhaji Umaru na garin Kete Krachi, haifaffen Kano wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da rubuce-rubuce da ajami da Larabci.

Abin da ke cike gurbin, gwargwadon hali, shi ne baki. Idan mai ba da labari ya ajiye littafi ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku", yaran da suka taso gaban kakanni sun san amsa. Gizo da Ƙoƙi ba baƙi ba ne ga sauran yaran ma, domin Ananse na tatsuniyoyin al'ummar Akan gizo-gizo ne shi ma, mai wayo da haɗama iri ɗaya. Mai ba da labarin da ya ƙware yakan sa yara su zana abin da suka ji, ko su rubuta shi da Turanci, ko su mayar da shi wasan kwaikwayo don ranar rufewa, inda iyaye mata da ba su taɓa shiga ɗakin ba kan zauna a sahun gaba su ji labarin da su suka fara ba 'ya'yan.