Cire tawadar Allah

Tawadar Allah ɗigo ne baƙi ko ruwan ƙasa a jikin fata, tana fitowa ne idan ƙwayoyin da ke ba fata launi suka taru waje guda. Wani da ita aka haife shi, wani sai a yarinta ko wajen balaga, kuma yawanci ba ta da wata illa.

Tarihi

Ba kullum ake ƙinta ba fa. A Faransa, wajen ƙarni na 17 zuwa na 18, mata har yanko baƙin ƙyalle suke yi su manna a kumatu don ado, nan gida ma kwalli ake ɗigawa a fuska ranar kwalliya. Cirewa kuwa a da aikin wanzami ne da askarsa, in tsiro ne mai siririn wuya wasu su ɗaure shi da zare tamau har ya bushe ya faɗi.

A asibiti

Allurar kashe zafi ake fara yi a wurin, sai likita ya shafte ta daidai da fata, ko ya yanke har gindinta ya ɗinke, na fuska akan cire zaren cikin sati ɗaya, na gadon baya yakan kai sati biyu. Abin da aka yanko ana kai shi ɗakin gwaji a duba ko sankara ce, a Zariya asibitin koyarwa na Shika na yin wannan. A 1985 likitoci a New York suka fitar da alamomin sankarar da ake dubawa a jikin tawadar: ɓangarorinta biyu ba su daidaita ba, baki-bakinta karkatacce, launi ya gauraya, faɗi ya wuce milimita 6, daga baya aka ƙara canzawar kama. Ga baƙar fata, sankarar ta fi fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu da ƙarƙashin farce, wuraren da ba wanda ke leƙawa sai abu ya yi nisa.

Don kwalliya

Matsalar ita ce tabo mai tudu, wanda ya fi kama baƙar fata musamman a ƙirji, kafaɗa da kunne, wani lokacin ya fi tawadar muni. Mayukan cire ta da ake tallatawa kan ƙone fata, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗi a kansu a 2022.

Lesa

Lesa na'ura ce mai ƙone tawadar da haske mai ƙarfi. Ana saɓani a kanta, don ba ta barin naman da za a gwada.