Tiyatar ɗigar fitsari: yaya take bayan shekaru?

Wata mata idan atishawa ta taso mata sai ta yi maza ta matse cinyoyi. Wata ba ta fita unguwa sai da ƙunzugu, alhali ba al'ada take ba. Tari, dariya ko ɗaukar kaya mai nauyi, sai fitsari ya kufce, saboda naman da ke tallafe da bututun fitsari ya saki, galibi bayan haife-haife ko manyanta. Wannan daban yake da yoyon fitsari na hujewar mafitsara, wanda ke zuba dare da rana.

Matakin farko atisayen matse naman ƙasan mara ne, aƙalla wata 3. In bai yi ba, likita kan kawo zancen tiyata: a saƙala wani siririn zirin raga na roba a ƙarƙashin bututun, ya zame masa matashi duk lokacin da ciki ya yunƙura. A Suwidin aka fito da dabarar wajen 1996, a 2001 kuma wani likitan Faransa ya kawo salon bi da ragar ta matsematsi.

Tambayar da mata suka fi yi mana ita ce, zai ɗore? Ga mafi yawa, eh. Wani bincike da ya bi matan farko-farko tsawon shekara 17 ya tarar kusan 9 cikin 10 ba sa ɗiga a gwaji. Sai dai matan ba su da yawa, kuma ƙwararrun hannu ne suka yi musu.

Binciken da na fi dogara da shi na Ingila ne na 2018, mai mata sama da 95,000. Cikin shekara 9, kusan 3 cikin 100 sai da aka cire musu ragar, 4 zuwa 5 kuma aka sake musu wata tiyatar saboda ɗigar ta dawo. Adadin kaɗan ne, amma wadda abin ya faɗa wa ta san ba wasa ba ne, har ƙorafin irinsu ya sa Ingila ta dakatar da aikin a shekarar. Raga tana kama nama, cire ta gaba ɗaya na da wuya.

Don haka in an yi miki, ko shekara nawa aka yi, kada ki yi shiru da ciwon mara ko matsematsi, zafi lokacin saduwa, jini ko ruwa mai wari, fitsarin da ke fita da ƙyar, ko ciwon mafitsara mai yawan dawowa. Wani lokaci ma maigida ne zai fara jin wani abu na sukarsa. Koma asibiti a duba.

In ba a yi ba tukuna, gaya wa likita ko kina da niyyar ƙara haihuwa, domin juna biyu na iya warware aikin. Tambaye shi kuma batun zirin da ake yankowa daga jikinki maimakon raga. Jinyarsa ta fi tsawo, amma babu ragar roba da za ta zauna a jiki.